Ruwan da ya shiga kan motata, da yaron da na ɗora wa laifi

Abin ya faru ne a Tumbutu, cikin markar watan Agusta na 2024. Kafin wani ya ce Alhaji ya kai har Mali, ba waccan Tambutun ta malamai da raƙuma nake nufi ba. Tamu ɗaya ce daga gundumomi biyar na ƙasar Malanbil a arewacin Binin, tare da Gene da Garu da Madekali da Malanbil ɗin kanta. Ƙasa ce ta fadama da shinkafa da albasa, mutanenta akasari Dandawa da Fulani, sai mu baƙi da kasuwa ta kawo. Ita ma Malanbil, sabon zuwa kan ɗauka garin malamai ake nufi. Ba haka ba ne, sunan wani gwamnan Faransa ne, Malan, aka liƙa wa garin.

Na idar da sallar asuba a gidan mai masaukina, na fito in ɗauko littafina daga mota. A-kori-kura ce, Hilux mai ƙofa biyu, tsohuwar 'yar Kwatano wadda ta yi wa wani Bature bauta kafin ta zo ta yi mini. Na miƙa hannu ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, inda nake tura littafin kullum, sai na ji yatsuna cikin ruwa. Ba danshi ba, ruwa sosai, irin wanda za ka iya kwasa da ludayi. Na jawo littafin yana ɗiga kamar an tsamo tsumma daga rijiya.

Wanda ba ɗan kasuwa ba zai ce littafi ne kawai. Ku kuwa da kuke karanta wannan mujalla kun san abin da ke cikin littafin bashi.

Bari in ɗan koma baya. Shekara ashirin da 'yan kai ina Malanbil, kuma yawancinsu a kan gada na ci abinci: kaya su taso daga tashar jiragen ruwan Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700 ta Faraku da Kandi, mu tsallaka da su Gaya, wasu su wuce Doso da Yamai, wasu su karkata Kamba. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe gadar. Binin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Masu ƙarfin hali suka koma kwale-kwale. Ni gwiwoyina da zuciyata ba na kwale-kwale ba ne, sai na juya baya ga kogi na fuskanci ƙauyuka. Ina kai wa manoma taki da iri da maganin feshi bashi, in kaka ta yi su biya ni da buhunan shanshera, da rani kuma da albasa. Ba takarda, ba sa hannu, ba shaida sai Allah da littafin nan. Jarina gaba ɗaya, har da kuɗin da na ranto wajen surukina, yana kwance a tsakanin shafukansa.

A daren, ɗan ƙanena ne ya kwana a motar. Ƙanena ya turo mini shi daga gida shekara biyu da suka wuce, ya ce in koya masa kasuwa. Yaro ne mai shekara goma sha tara, ba ya da yawan magana. Duk ranar da muka kwana a ƙauye shi ke kwana a kan mota yana gadin kaya. Na tashe shi, na nuna masa littafin.

“Kai, gilashi ka buɗe da dare?”

“Wallahi Baba ban buɗe ba. Sauro ma ba zai bar ni ba.”

“To daga ina ruwa ya shigo? Ta ƙasa ya tsiro?”

Ya yi shiru. Ni kuma na ɗauki shirun a matsayin amsa. Na faɗa masa maganganu a gaban mai masauki da 'ya'yansa, waɗanda ba zan maimaita su a nan ba. A cikinsu har da cewa in ba zai iya riƙe amana ba, motar Kamba ba ta ƙare ba.

Ina da hujjata, ko abin da na ɗauka hujja ce. A gida motar ba ta taɓa tara ruwa ba. Sau uku ke nan ina samun kafet a jiƙe, kuma duka ukun a daren da ya kwana a ciki ne. Wane alƙali ne ba zai kama shi ba?

Bayan mako guda muka sake kwana a Tumbutu. Wannan karon na ce ya shiga zaure ya kwanta, ni da hannuna na ɗaga gilasai, na kulle ƙofofi, na sa makulli a aljihu. Aka kwana ana ruwa. Da safe na buɗe ƙofa, ga ruwa kwance a ƙarƙashin kujera, daidai inda na same shi wancan karon. Yaron yana tsaye a bayana, ya gani, na san ya gani. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Girman kai mugun ciwo ne. Sai na ce a raina, to, wannan karon dai wani abu ne daban.

Daga nan na shiga zagayen gareji. Na farko ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce gilashin gaba ne, duk motar da ta tsufa ta nan take sha. Ya ɗauko silikon, irin na masu haɗa tagogin gida, ya zagaye robar gilashin da shi har motar ta koma kamar an yi mata kwalli da farin alli. Na biya jaka biyar. Ruwa ya dawo. Na biyu ya ce robar ƙofa ce ta mutu. Aka aika Faraku aka kawo, na biya kuɗin roba da kuɗin mota da na aiki. Ruwa ya dawo. Na uku ya fi su gaskiya, ya ce, “Alhaji, ka huda ƙasan motar kawai, in ya shigo ya fita.” Na yi dariya, amma daga baya na ga motoci da yawa a tasha da aka yi wa hakan. Ba na zagin makanikai, da su muke ci. Amma makaniki injin ya koya. Neman yoyo aikin haƙuri ne na wuni guda, ba wanda zai bar motoci biyar a layi ya zauna yana kallon ɗigon ruwa saboda jaka biyu.

A lokacin kan motar ya fara wari irin na rigar da aka manta a bokiti. Gilashi na yin hazo da safe. Rediyo ya fara ɗaukewa yana dawowa. Wannan ya tsorata ni, don wayoyi da yawa suna bi ta ƙarƙashin kafet da gefen ƙofa, kuma a motocin da suka fi tawa ƙuruciya, ƙwaƙwalwar motar, wadda riwaya ke kira birenbos, sau da yawa a can wajen ƙafafun mai zaman banza take, bayan dashbod. In ruwa ya kai gare ta, kuɗin da za ka kashe ya fi ƙarfin robar ƙofa nesa ba kusa ba.

Hajiya ce ta karkato da ni, ba tare da ta san ta yi ba. Ina cin tuwo ina ƙorafi, sai ta ce, “Alhaji, ka tuna ɗakina na tsohon gidan haya? A kan gado yake ɗiga, kuka yi ta liƙe kwanon saman gado, ashe ƙusar da ta saki tana can wajen ƙofa. Ruwan katako yake bi ya gangaro.” Ta ci gaba da kwashe kwanukanta. Ni kuwa loma ta tsaya mini a hannu. Wata guda ina neman ƙofar ruwa a inda ya kwanta, alhali inda ya kwanta masaukinsa ne kawai. Kuma ga wani abin da ya kamata in gani tun farko: a gida motar a ƙarƙashin rumfar kwano take kwana. A ƙauye ne kaɗai take kwana a fili. Daren da yaro ke kwana a cikinta shi ne daren da ruwan sama ke dukanta har safe.

Akwai wani dattijo fanel-bita a hanyar Gene, wanda ya yi aiki shekaru a wuraren sayar da motocin Kwatano kafin ya dawo gida. Na je masa ba da mota ba, da goro. Abin da ya fara tambayata shi ne wane irin ruwa ne. Na ce ruwa dai. Ya ce a'a, ruwa uku ke shiga kan mota, kuma kowanne da halinsa. Akwai na esi: na'urar sanyi tana tara raɓa, tana zubar da ita ƙasa ta wani ɗan tiyo, shi ya sa kake ganin ɗan ruwa a ƙarƙashin motar da aka kunna wa esi. In tiyon ya toshe ko ya zame, ruwan sai ya juyo kan ƙafafun mai zaman banza, kuma wannan ko da rani ma yana yi. Tawa esinta ya rasu tun kafin korona, saboda haka muka cire shi daga lissafi. Akwai na hita: motocin Turai suna zuwa da ɗan ƙaramin lagireto a cikin dashbod don ɗumama mutane lokacin sanyi, ruwan injin ne ke zagayawa ta cikinsa. Mu nan ba mai kunna shi, amma ruwan na nan yana bi. In ya huje, za ka ji santsi a yatsa da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, in ana zuba wa motar ruwan lagireto mai launi. In ruwan rijiya kake zuba mata kamar yawancinmu, alamar ita ce ruwan lagireto ya riƙa raguwa ba ka ga inda yake zuba ba. Ya ce in duba da safe kafin a tada injin, kada in kuskura in buɗe murfin yana da zafi. Na duba kwana uku, bai ragu ba. Saura na uku, na sama.

Ya ce in zaɓi ranar da gari ya washe, in samu mutum biyu, da buta, da tocila, da hodar jarirai. Ya ce kada in yi amfani da tiyon wankin mota, don ƙarfinsa na tura ruwa inda ruwan sama ba ya shiga, kuma yana jiƙa ko'ina lokaci guda, ka rasa wanda za ka kama.

Ranar wata Talata, da kasuwa ba ta ci, muka fito da motar tsakar gida. Muka kwance kujeru, muka ɗaga shimfiɗar roba da kafet. A ƙarƙashinsu akwai wani abu kamar bargo mai kauri, wanda ake sawa don rage zafi da ƙara. Da muka ɗaga shi sai da muka kama shi mu biyu. Muka matse shi a bokiti, ruwan ya kusa kai rabi, baƙi, mai wari. Ashe wannan bargon shi ke ɓoye laifi: yana shanye ruwa ya riƙe, sama a bushe, ƙasa a jiƙe. Duk ranar da ka ga ruwa a saman kafet, to ya ƙoshi ne ya fara amai. Wato motar ta daɗe tana sha, tun farkon damina, wataƙila duk lokacin da muka yi tafiya cikin ruwa. Ƙarfen ƙasa ya riga ya yi jan tsatsa, faɗin tafin hannu biyu.

Muka goge, muka bar rana ta busar. Muka cire robobin da ke rufe ginshiƙan gefen gilashi da na bayan ƙofa da na dokin ƙofa. Sannan muka barbaɗa hoda ko'ina, sama-sama. Hikimar ita ce duk inda ɗigo ya bi zai bar sawu, kamar maciji a kan rairayi.

Sai wa zai shiga ciki da tocila? Ni da wannan tumbin ba zan iya kwanciya a ƙarƙashin dashbod ba. Yaron ne ya shiga, na rufe masa ƙofa, na ɗauki buta.

Dokar dattijon ita ce daga ƙasa ake farawa a hau sama, wuri ɗaya bayan ɗaya, kuma a ba kowane wuri minti biyar ko fiye. In ka fara daga rufi, ruwan zai gangaro ya jiƙa komai, ka koma inda ka fito. Na fara da gindin ƙofa. Shiru. Na zuba a jikin gilashin ƙofa. A nan na koyi abin da ban sani ba duk shekarun da na yi ina tuƙi: ruwa na shiga cikin ƙofar kowace mota, haka aka yi ta, sai dai akwai ƙananan ramuka a gindinta da yake fita ta nan. Namu biyu sun toshe da laka, ƙofar na ƙugi in ka girgiza ta. Yaron ya zura tsinken tsintsiya, ruwa ya tsiyaye ƙasa. Amma bai shiga ciki ba, hoda na nan fes.

Muka koma gindin gilashin gaba, wajen da waifa suke, inda akwai raga-raga. Ƙarƙashin ragar nan wani kwali ne mai tara ruwan da ya gangaro daga gilashi, ya fitar da shi ta gefe biyu, bayan tayoyin gaba. Ta nan kuma iska ke shiga fanka. Da muka buɗe, abin da muka tarar ya isa a shuka tumatir: ɓawon albasa, ƙaiƙayin shinkafa, ganyen dalbejiya, ƙurar hunturu ta shekaru, har da sheƙar ɓera. Duk mai ɗaukar amfanin gona ya je ya buɗe tasa, zai ba ni labari. Na zuba buta uku, sai yaron ya buga gilashi.

“Baba, ga shi nan yana ɗiga ta wajen fanka.”

Na yi hamdala, na ce an kama ɓarawo. Muka kwashe dattin, muka zura waya a magudanan har ruwa ya riƙa faɗowa ƙasa da ƙarfi. Na fara tattara kaya. Sai ya fito yana goge hoda a goshi, ya ce, “Baba, wannan a gaba yake sauka, wajen ƙafa. Wancan kuwa a ƙarƙashin kujera yake taruwa. Kuma akwai tudu tsakaninsu.” Na leƙa. Gaskiyarsa, akwai ƙarfen da kujera ke zama a kai, ya gitta. Ɗigon fanka ba zai tsallake shi ba sai ya cika gaban tukuna.

Ya koma ciki. Na zagaye gilashin gaba, wanda aka yi wa kwalli. Ko ɗigo. Gilashin baya, shiru. Inda wayoyi ke ratsa bangon da ke tsakanin injin da mutane, nan ma na zuba, don riwaya kan huda robar wurin su wuce da wayar oda ko ta rediyo su bar ta a buɗe. Shiru. La'asar ta yi, na ƙarar da rabin duro, saura rufi.

A kan rufin akwai kariya, ƙarfen ɗora kaya. Ba da ita motar ta zo ba. Ni na sa aka yi ta, watanni kaɗan bayan rufe gada, lokacin da na ga kowace tafiya sai ta biya kuɗin manta ninki biyu. Mai walda ya ce a kafa ta a jikin bodi, ta yi rumfa a saman kan mota ba tare da ta taɓa shi ba. Na ji kuɗin ƙarfen, na ce a'a, a huda rufi a ɗaure da noti huɗu. Ya ce rufin mota ba shi da kauri. Na ce motata ce ko tasa?

Na hau kan taya, na zuba ruwa a notin gaba na dama. Muka jira. Shiru. Na zuba a na baya. Minti ɗaya, biyu, uku, ba labari, har na sauko. Ina ajiye buta sai na ji muryarsa, a hankali, kamar mai tsoron kada ya kori tsuntsu.

“Baba, zo ka gani.”

Na buɗe ƙofa na sunkuya. A jikin ginshiƙin da ke bayan ƙofa, wani siririn layi ya ratsa farar hodar nan daga sama har ƙasa. Ya bi ta bayan inda bel yake, ya shige ƙarƙashin dokin ƙofa, ya fito ya kwanta a ɗan kwarin da ke ƙarƙashin kujera, daidai wurin littafina. Tun daga notin har wurin, ya yi tafiyar fiye da mita ɗaya a ɓoye, kuma silin ɗin rufin ko tabo bai nuna ba, don bayansa na da leda, ruwan a kanta yake gudu. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. A gidan mai masaukina kuwa, inda nake ajiye motar ya ɗan karkata dama, hancinta na kallon tudu, wato duk ruwan rufi wajen notin nan yake taruwa.

Da muka sauke kariyar, ramin ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwayar wake, ga tsaga siririya ta fita daga gefensa. Nauyin buhuna da girgizar hanyar ƙauye sun yi ta cin ƙarfen a hankali. Ba roba ko ɗaya tsakanin noti da rufi. Ko mai buga kwanon gida ya san ƙusa na son 'yar robarta.

Dattijon ne ya yi gyaran. Ya kankare tsatsa har farin ƙarfe ya fito, ya toshe ramukan huɗu da walda a hankali bayan ya sauke silin don kada ya kama wuta, ya shafa jan fenti mai hana tsatsa, ya bi da baƙin gam irin wanda ake kafa gilashin mota da shi. Ya kuma sa muka ɓanɓare silikon ɗin da aka zagaye gilashin gaba da shi. Ya ce in shinshina irinsa sabo, zan ji warin tsami, kuma tsamin nan yana cin ƙarfe, ga shi duk inda ya taɓa fenti ba ya kamawa, gam na kirki ma ba ya kamawa. Wato na biya jaka biyar an shuka mini tsatsa. Bargon ƙasa kwana uku yana shanya a kan katanga kafin ya bushe.

Littafin kuwa, Hajiya ta raba shafukansa ɗaya-ɗaya, ta shanya a inuwa, ta danne da faranti. Abin da na rubuta da biro ya tsira, ya ɗan baje amma ana karantawa. Abin da na rubuta da wani alƙalami mai ruwan tawada, wanda aka ba ni kyauta a wajen dillalin taki nake ta yanga da shi, ya narke ya zama shuɗin gajimare. Shafi goma sha ɗaya, mutum talatin da bakwai.

Yaron ne ya zauna da ni dare biyu muna tado su. Ni na san fuska da suna, shi ya san buhu, don a kansa kowane ɗaya ya sauka. Zai ce, “Mai gidan da ke bayan masallaci, huɗu ne, biyu fari biyu mai tsakuwa, ranar da taya ta yi faci.” Daga nan muka bi su gida-gida, ban ɓoye musu ba, na ce littafi ya jiƙe. Mutum talatin da shida abin da suka faɗa ya zo daidai da nasa, har wani tsoho ya tuna mana da rabin buhun da mu duka mun manta. Mutum ɗaya ya ce uku ne, yaron ya ce biyar. Na dubi mutumin, na dubi yaron, na rubuta uku. A hanya na ce masa na san biyar ne.

A wannan hanyar ce, muna tsakanin Tumbutu da kwalta, na rage wuta na ce, “Ɗana, maganar da na faɗa maka ran nan, ban kyauta ba. Ka yafe mini.” Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar tamfol, ya ce, “Haba Baba, ba komai wallahi.” Na san akwai komai. Tunda a gaban mutane na faɗa, da muka koma mako na gaba sai na sake faɗa a zauren mai masauki, 'ya'yansa na zaune, na ba su labarin notin tun daga farko. Suka yi ta dariya, mai masaukin ya ce Alhaji ya huda rufinsa da kansa ya zo yana neman wanda ya jiƙa shi. Da dare na kira ƙanena na gaya masa, don na san labarin farko ya riga ya kai gida ta bakin wani.

Yanzu littafin a cikin leda biyu yake, a bayan kujera, rataye. Duk Juma'a yaron na ɗaukar hoton shafukan da wayarsa ya tura wa babbar 'yata ta WhatsApp. Sabuwar kariya a jikin bodi take, kamar yadda mai walda ya faɗa tun farko, kuma kuɗinta ya kusa ninka na wancan lokacin. Tsohuwar tana bayan ɗakin girki a kan bulo huɗu, Hajiya na shanya tattasai a kanta.